Tarihin Lusil Bol, 'Yar Wasan Talabijin Da Ta Zama Mai Kamfani

'Yan'uwa, a wannan fitowa ta bikin zagayowar shekara mun ɗauko muku tarihin wata mata daga nesa, can ƙasar Amurka. Sunanta Lusil Bol, da Turanci ana rubuta shi Lucille Ball, amma duniya ta fi saninta da Lusi, sunan da take amsawa a wasa. Ta yi shekara sama da 20 tana ba mutane dariya a talabijin, yawanci a daren Litinin, kuma ita ce mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya wasanni a Holiwud, unguwar 'yan fim ta Amurka. In ka gan ta a akwati, sakarai ce, matar gida mai shirme da ɓarna. A waje kuwa mace ce mai zafin nema, wadda ta ɗanɗani talauci tun tana 'yar mitsitsiya. Abin da ya kai ta talabijin ma, aurenta take so ta ceto. Kuɗi sun zo, suna ya zo, auren ne bai tsira ba. Ga yadda abin ya kasance.

Ƙuruciya da riƙo

An haife ta ranar 6 ga Agusta, 1911, a wani ƙaramin gari mai suna Jemstawun a jihar Niyok. Mahaifinta Henri ma'aikacin kamfanin tarho ne, irin masu hawa turke suna jan waya, don haka kullum suna cikin ƙaura. A watan Fabrairu na 1915 zazzaɓin taifot ya kashe shi yana da shekara 27. Lusil tana da shekara uku, uwarta Didi kuma ga ciki. Da ta girma ta ce abin da take tunawa na wannan rana kaɗan ne, kuma a ciki akwai wani tsuntsu da ya shigo gidan ya rasa hanyar fita. Tun daga nan har ta tsufa ba ta ƙaunar tsuntsu, ko hotonsa ba ta so a ɗakin da za ta kwana.

Didi ta koma gidan iyayenta, ta haifi ɗa namiji, Fired. Bayan 'yan shekaru ta sake aure, ita da sabon mijin suka tafi neman aiki wani gari, aka bar Lusil a hannun iyayen mijin uwarta. Tsofaffi ne masu tsanani ƙwarai. Madubi ɗaya ne tak a gidan, a banɗaki, ranar da aka kama ta tana kallon fuskarta a ciki kuwa ta sha faɗa. Duk wadda ta taɓa zaman riƙo a gidan da ba a sake mata fuska ba ta san yadda yini yake tsawo. Yarinyar sai ta riƙa ƙirƙirar ƙawaye a ranta tana wasa da su ita kaɗai.

Sauƙi ya zo da kakanta na wajen uwa, Fired Hant, ya tattara iyalin a gida ɗaya a ƙauyen Seloron, bakin wani tafki. Baba take ce masa. Shi yake kai jikokin kallon masu wasan dandamali, masu raye-raye da barkwanci, a nan sha'awar wasa ta shiga ranta.

A 1926, tana da shekara 15, uwarta ta ƙuƙuta ta biya mata kuɗin wata makarantar koyon wasan kwaikwayo a birnin Niyok. Abin bai yi daɗi ba. Tauraruwar makarantar ita ce Beti Debis, wadda daga baya ta zama babbar 'yar fim, ita kuwa Lusil kunya da tsoro suka rufe ta, ta kasa buɗe baki. Malaman suka rubuta wa uwarta takarda cewa ɓarnar kuɗi kawai take yi, yarinyar ba ta da baiwa. Lusil ta ce abin da ta koya a makarantar nan shi ne tsoro. Sakandare ma ba ta ƙarasa ba.

Sai ga wata masifa a 1927. Kakan ya saya wa ƙanenta ƙaramar bindiga, yara suna gwajin harbi a bayan gida yana tsaye a kansu, sai wani yaron maƙwabta ya gitta, harsashi ya same shi, ya shanye. Aka kai tsohon kotu, aka yanke masa biyan diyya, har gida da kayan ɗaki sai da aka sayar. Iyali suka watse. Lusil ta ga yadda dare ɗaya mutum yake rasa rufin da ke kansa, kuma wannan tsoro bai sake ta ba har lokacin da take ƙirga miliyoyi.

Shekara 18 a bakin ƙofa

Ta koma Niyok neman abinci. Ta sami aiki a shagon wata shahararriyar mai ɗinki, Hati Kanegi, tana saka sababbin tufafi tana zagayawa matan masu kuɗi su gani su saya. Ana cikin haka ciwon gaɓoɓi ya kwantar da ita, ta yi kamar shekara biyu ba aiki. Da ta miƙe ta sake komawa. Hotonta da aka sa a tallar taba sigari shi ya buɗe mata hanya, a 1933 aka ɗauke ta zuwa Holiwud cikin ayarin 'yan mata masu cika fage a wani fim mai suna Roman Scandals. Aikin 'yan makonni ne, amma ba ta dawo ba. Da ta ɗan sami abin hannu, abu na farko da ta yi shi ne ta aika wa uwarta da ƙanenta da kakanta su taho Kalifoniya, ta sake haɗa iyalin da kotu ta tarwatsa.

Ta yi aiki a kamfanin RKO shekaru da dama. Ba ta ƙin aiki. In ana neman wadda za a watsa wa taɓo a fuska ko wadda za ta faɗi ƙasa a yi dariya, kyawawan 'yan mata su noƙe, ita ta ce a ba ta. Ta fito a finafinai sama da 50 kafin ta shiga talabijin, yawancinsu ƙanana masu arha, har aka yi mata laƙabi da sarauniyar ƙananan finafinai. Da ta koma kamfanin MGM aka rina mata gashi ja, ta riƙe wannan launi har ƙarshen rayuwarta, kuma da lalle take gyara shi, lallen nan dai da muka sani. To, duk da haka ba ta shiga sahun manya ba. An san fuskarta, ana biyanta, amma shekaru suna ja, ga arba'in ta doso, kuma a wannan sana'a mace in ta kai nan an fara nuna mata hanya.

Desi

A 1940, wajen ɗaukar fim ɗin Too Many Girls, ta haɗu da Desi Arnaz, makaɗi kuma mawaƙi ɗan ƙasar Kyuba. Ɗan babban gida ne, ubansa ya yi magajin garin Santiyago, amma juyin juya halin 1933 ya raba su da dukiyarsu, suka gudu Amurka, har ya yi aikin wanke kejin tsuntsaye don ya ci abinci. Kun ga shi ma ya san rasa gida. Ta girme shi da kusan shekara shida. Suka ɗaura aure ranar 30 ga Nuwamba, 1940, mutane suna cewa ba za a je ko'ina ba. Suka sayi gida da fili a wajen birnin Los Anjalis, suka haɗa farkon sunayensu suka raɗa masa Desilu.

Matsalar ita ce ba sa zama tare. Ita tana fita aiki da asuba, shi yana yawon kiɗa gari-gari da 'yan amshinsa, ga aikin soja da ya shiga lokacin yaƙin duniya na biyu, ga shan giya, ga mata. A 1944 ta kai ƙara kotu a raba auren, suka shirya kafin abin ya tabbata. Tana son haihuwa kamar me, amma ɓari take ta yi. Shekara goma da aure ba ɗa ba jika.

A 1948 gidan rediyon CBS ya ba ta wani wasan barkwanci mai suna My Favorite Husband, inda take fitowa a matsayin matar wani ma'aikacin banki. A gaban 'yan kallo ake yinsa, a nan ta gano cewa in tana jin dariyar mutane a kunnenta wani ƙarfi ne yake zuwar mata. Wasan ya karɓu, CBS suka ce a mayar da shi talabijin. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi guda: mijinta na gaskiya shi zai fito a matsayin mijinta. Lissafinta mai sauƙi ne. In aikinsu ɗaya, wuri ɗaya, zai riƙa kwana a gida.

Manyan CBS suka ƙi. Suka ce Amurkawa ba za su yarda Ba'amurkiya tana auren baƙo mai karyayyen Turanci ba, alhali shekara goma ke nan tana aurensa. Maimakon su tsaya gardama, a 1950 ma'auratan suka kafa kamfani da sunan gidan nan nasu, Desilu, suka shirya ɗan wasan dandamali su biyu, suka zaga manyan birane da shi. Jama'a suka yi ta tururuwa. Da CBS suka ga kasuwa da idonsu, suka sauko.

Cinikin da ya canza komai

Nan ne wurin da muke so a karanta a hankali. A wancan zamani yawancin wasannin talabijin daga Niyok ake yin su kai tsaye, ana yi ana nunawa, an gama ya wuce kamar hayaƙi. Mutanen yammacin ƙasar kuwa, sai a kafa kyamara a gaban akwati a ɗauki abin da yake nunawa a aika musu, hoto dushi-dushi. Kamfanin taba na Philip Morris, wanda zai ɗauki nauyin wasan, ya ce dole su koma Niyok, domin a gabas masu sayen kayansa suka fi yawa, ba zai yarda a ba su hoto maras kyau ba. Ita kuwa Lusil ga ta da ciki, wannan karo ya zauna, ba ta da niyyar barin gidanta.

Desi ya kawo shawara: a ɗauki wasan a faifan fim na gaske a Los Anjalis, irin wanda ake yin finafinan silima da shi, kowa a ƙasar ya sami hoto tangaran. Aka ce ai wannan tsada gare shi, wa zai biya? Sai ma'auratan suka ce a rage musu albashi. Maimakon dala 5,000 a mako su biyu, za su karɓi 4,000, amma faifan in an gama nunawa nasu ne. CBS suka sa hannu da murna, a ganinsu sun yi cinikin riba, domin a lokacin ba wanda yake tunanin tsohon wasan da aka riga aka gani yana da wata daraja.

Mu da ke zaman kasuwa mun san bambancin mai sayar da kayan wani a ba ta la'ada da mai sayar da nata. Ta farko tana tashi da kuɗi a hannu yau. Ta biyu tana iya kwana da yunwa, amma haja tana rumfarta. Dala 1,000 duk mako ba ƙaramin kuɗi ba ne a 1951, ga jariri a hanya, kuma ba wanda ya san ko wasan zai kai labari. Desi ne ya yi cinikin, ita da bakinta ta sha faɗa cewa shi ne mai kan kasuwanci a tsakaninsu. Amma guminta ne a cikin faifan, kuma da yardarta aka yi.

Suka ɗauko wani gwanin ɗaukar hoto da ya yi suna a finafinan Jamus, Kal Firoyind, ya tsara fitilu yadda kyamara uku za su yi aiki lokaci guda, ga 'yan kallo kamar 300 a zaune suna dariya. Har yau da wannan tsari ake ɗaukar wasannin barkwanci da yawa. Ranar 17 ga Yuli, 1951, saura 'yan makonni ta cika 40, ta haifi 'yarta ta fari, Lusi ƙarama. Ranar 15 ga Oktoba aka fara nuna wasan, mai suna I Love Lucy, wato ina son Lusi.

Daren Litinin

Labarin ba wani mai wuya ba ne. Lusi matar wani makaɗi ce, Riki, tana so ta shiga harkar wasa ko ta sami kuɗin kanta, shi yana so ta zauna a gida. Kowane mako sai ta ƙulla wata dabara ita da ƙawarta Etel, matar mai gidan da suke haya, dabarar ta watse musu a hannu. Akwai ranar da suka kama aiki a kamfanin cakulan, aka sa su naɗe alewa da ke tahowa a kan wani bel mai tafiya da kansa. Bel ya ƙara gudu, suka kasa, suka shiga cusa alewa a baki, a hula, a cikin riga, don kada shugabar aiki ta gani. Akwai ranar da aka ɗauke ta tallar wani maganin ƙarin ƙarfi, ashe da giya a ciki, ana ta maimaita gwaji tana kurɓa har harshe ya karye. Ko mutum ba ya jin Turanci zai yi dariya, domin da fuska da jiki take magana. Wani abin kuma, wasan baƙi da fari ne, jan gashin nan da ake ta zance masu kallo ba su ganinsa.

Mutane sun ɗauka haka take a gida, mai ban dariya ba shiri. Ita kuwa ta sha faɗa cewa ba ta da ban dariya, marubutanta ne suke da shi, abin da take da shi ƙarfin hali ne. Komai sai an rubuta mata dalla-dalla, ta yi ta maimaitawa har ya zauna, ko da hura balan-balan ne ko murza ƙullun fulawa. Cikin marubutan akwai mace, Madalin Piyu, wadda takan fara gwada abubuwan da jikinta ta ga ko mace za ta iya ba tare da ta ji ciwo ba. Bibiyan Bans, mai fitowa a Etel, ta zama aminiyarta ta gaske.

A shekara ta biyu Lusil ta sake samun ciki. A lokacin ba a saba nuna mace mai ciki a talabijin ba, masu kuɗin suka so a ɓoye ta a bayan kujeru. Ma'auratan suka ce a'a, a sa cikin a labarin. Aka yarda, amma aka hana su furta kalmar ciki ta Turanci, aka kuma sa malaman addini uku, biyu na Kirista ɗaya na Yahudawa, suna duba rubutun. Ranar 19 ga Janairu, 1953, da safe aka yi mata tiyata aka ciro ɗa namiji, Desi ƙarami, da dare kuma aka nuna wasan da Lusi ta haihu. Mutum miliyan 44 suka kalla, kusan kashi 72 cikin 100 na gidajen da ke da talabijin. Washegari aka rantsar da sabon shugaban ƙasa, Aizinhawa, masu kallonsa miliyan 29 ne.

Lokacin da take hutun jego ne aka sake nuna wasu tsofaffin faifai don a cike gurbi, sai aka ga mutane sun zauna sun kalla kamar sababbi. Ashe kayan da CBS suka raina, kaya ne da ake sayarwa a sake sayarwa ba su ƙare ba.

A wannan shekarar dai ta kusa rasa komai. Amurka tana cikin farautar 'yan kwaminisanci, wanda aka shafa wa wannan baƙin fenti ya rasa aiki. Sai aka tono cewa a 1936 Lusil ta yi rajistar zaɓe da sunan jam'iyyar kwaminis. Ta yi wa mai binciken majalisar dokoki bayani cewa don ta faranta wa kakanta ta yi, tsohon nan da ya riƙe su, wanda ra'ayinsa na 'yan ƙwadago ne. Aka wanke ta, masu kallo kuma ba su juya mata baya ba.

An sami dukiya, an rasa gida

Wasan ya yi shekara shida, kashi 180, kuma a huɗu daga cikin shekarun shi ne na ɗaya a ƙasar. Daga baya CBS suka dawo suka sayi faifan nan a kan dala miliyan huɗu da wani abu. A 1957 Desilu ya sayi filaye da ɗakunan ɗaukar fim na RKO a kan kusan dala miliyan shida. Wurin da ta yi shekaru tana jiran a kira ta a ba ta ɗan guntun aiki, yanzu nata ne ita da mijinta.

To, amma abin da aka shiga wasan dominsa fa? Desi ya dawo gida kamar yadda ta so, sai dai nauyin kamfani ya hau kansa, shan giya ya ƙaru, caca da neman mata ba su tsaya ba. Shi da kansa bai ɓoye wannan ba a littafin tarihinsa. Suna faɗa a gida, yara suna ji, su zo gaban kyamara su rungumi juna ƙasa tana tafi. Ranar 2 ga Maris, 1960, suka ɗauki wasansu na ƙarshe tare. Washegari ta shigar da ƙarar rabuwa, bayan kusan shekara 20 da aure. Suka raba dukiya ba tare da tonon silili ba.

Ta tafi Niyok ta yi wasan dandamali mai waƙe-waƙe, gajiya da ciwo suka kayar da ita, aka rufe wasan. A can ta haɗu da wani ɗan barkwanci, Geri Moton, suka yi aure a 1961, kuma suna tare har ta rasu.

Kujerar shugaba

A 1962 ta koma talabijin da sabon wasa, The Lucy Show, ita da Bibiyan, wannan karo a matsayin mata biyu marasa maza masu renon 'ya'yansu a gida ɗaya. A shekarar ne kuma Desi ya ce ya gaji, ta sayi hannun jarinsa a kan dala miliyan biyu da wani abu, ta zama shugabar Desilu tana da shekara 51. Matar da ba ta gama sakandare ba ta zauna a kan teburin da lauyoyi da akantoci suke jiran ta yanke magana.

Ba ta ɓoye cewa kujerar ba ta yi mata daɗi ba. Wasa take so, ba taro da takardu ba. Da can Desi ne mai faɗa da mutane, ita ta yi wasanta. Yanzu dole ita ce za ta ce wannan bai yi ba, a sake. Sai aka fara cewa ta cika zafi, wasu manyan 'yan wasa da suka yi aiki da ita suka yi ƙorafin tana juya su kamar yara. Akwai gaskiya a ciki, ba ta da haƙuri da aikin ganin dama. Amma mun san kuma yadda ake auna faɗan mace da na namiji, mudun ba ɗaya ba ne.

Kamfanin da ta karɓa yana tangal-tangal, yawancin kuɗinsa daga hayar ɗakunan ɗaukar fim suke zuwa. Ana bukatar sababbin wasanni nasa na kansa. Aka kawo guda biyu masu cin kuɗi, ɗaya na masu tafiya sararin samaniya, Star Trek, ɗaya na 'yan leƙen asiri, Mission: Impossible. Masu ba ta shawara suka ce tsadar za ta durƙusar da kamfanin. Ta saurare su, ta ce a yi. Aka fara nuna su a 1966. Har yau ana cin abinci da sunayen nan biyu, finafinan Mission: Impossible da yaranmu suke kallo daga wannan wasa suka samo asali. A 1967 ta sayar da Desilu ga kamfanin Gulf and Western a kan dala miliyan 17, ta sauke kayan da ba ta taɓa so ba, ta kafa ƙaramin kamfani nata, ta yi wani wasan, Here's Lucy, daga 1968 zuwa 1974, ita da 'ya'yanta biyu.

Tsufa

Uwarta Didi, wadda ba ta fashin zama cikin 'yan kallo duk ranar ɗaukar wasa, ta rasu a 1977. Bibiyan ta bi ta a 1979. A wannan shekarar wata jami'a a Kalifoniya ta ɗauki Lusil tana koyar da ɗalibai wasan barkwanci, ita da aka taɓa rubuta wa uwarta cewa ba ta da baiwa. A 1985 ta fito a wani fim na talabijin, Stone Pillow, a matsayin tsohuwa mai kwana a titi, ba dariya a ciki. Ta yi aikin cikin zafi da tarin tsummoki a jiki har sai da aka kwantar da ita a asibiti.

A 1986, tana da shekara 75, aka lallashe ta ta dawo da sabon wasan barkwanci, Life with Lucy. Bai karɓu ba. Mutane suka ga tsohuwa tana hawa tsani, maimakon dariya sai tsoro ya kama su kada ta faɗi. Bayan kashi takwas aka dakatar da shi. Abin ya yi mata ciwo matuƙa, ta ɗauka jama'a sun daina sonta.

Ana cikin wannan, Desi yana kwance da ciwon dajin huhu. Rabuwarsu ba ta raba zumuncinsu ba, suna waya, suna haɗuwa wajen jikoki. 'Yarsu ta ba da labarin cewa maganarsu ta ƙarshe a waya ta faɗo ranar 30 ga Nuwamba, ranar da aka ɗaura musu aure shekara 46 baya. Ya rasu ranar 2 ga Disamba. Bayan kwana biyar aka karrama ta a birnin Washinton, aka karanta saƙon da ya bari, inda ya ce kashi 90 cikin 100 na nasarar wasan nan nata ne, sauran goman a raba wa sauransu. Tana zaune tana share hawaye.

Fitowarta ta ƙarshe a bainar jama'a ita ce wajen bikin ba da kyautar finafinai ta Oska a watan Maris na 1989, inda jama'a suka miƙe tsaye suna yi mata tafi. Bayan 'yan makonni aka yi mata babbar tiyata a zuciya. Ta fara samun sauƙi, sai babbar jijiyar jini ta fashe, ta rasu da asubahin 26 ga Afirilu, 1989, tana da shekara 77. Ranar ta zo daidai da ranar haihuwar Karol Banet, wata 'yar barkwanci da Lusil ta ja a jiki tun tana tasowa, kuma duk shekara takan aika mata furanni. Da yammacin ranar furannin suka iso, ta riga ta yi odarsu.

Bayan rasuwarta aka tsinci rubutun tarihin rayuwarta da ta yi ta ajiye ba ta fitar ba, 'ya'yanta suka buga shi a 1996 da sunan Love, Lucy. A 2002 suka mayar da tokar gawarta Jemstawun, maƙabartar da danginta suke, kusa da ƙauyen da aka sayar musu da gida tana yarinya. Yanzu akwai gidan tarihi da sunanta da na Desi a garin.

Faifan nan kuwa, da aka rage dala 1,000 a mako dominsu, shekara sama da 70 ke nan ana nuna su a ƙasashe da harsuna daban-daban. Wadda take da waya mai intanet, ko ɗanta yake da ita, ta sa a nemo mata wasan kamfanin cakulan ɗin nan. Minti uku ne ko huɗu. In kuna kallo ku tuna matar da ke cusa alewa a hula tana da shekara 40, ga 'yar da ta kusa shekara ɗaya a gida, ga wani cikin, kuma faifan da ake ɗauka nata ne.